Me Ya Haɗa Gudawa Da Kumburin Ƙaramin Hanji?

Masu kallonmu, barkanmu da wannan lokaci. A kowace rana, ruwan da ke bi ta hanjin baligi ya kai kusan lita 9. Wanda ya sha da bakinsa ko ya shiga ta abinci bai wuce lita 2 ba. Sauran jiki ne da kansa ke zubawa: yawu, ruwan ciki, maɗaci da sauran ruwan narkar da abinci. Amma ruwan da ke fita tare da bayan gida bai cika kofi ɗaya ba. To ina sauran ya tafi? Ƙaramin hanji ne ke tsotse mafi yawansa ya mayar cikin jini, babban hanji kuma ya ƙarasa ɗan abin da ya rage.

Tsawon ƙaramin hanji ya kai mita 6, kuma cikinsa ba sumul yake ba. Kamar tawul yake, lulluɓe da 'yan ƙananan gashi miliyoyi, kowanne tsawonsa bai wuce milimita ɗaya ba. Ta jikin wannan gashi ne abinci da gishiri da ruwa ke ratsawa zuwa jini.

Idan ƙwayar cuta ta shigo, misali rotabairos da ke yawan kama ƙananan yara, kan gashin take fara kai wa hari. Jiki ya turo sojojinsa, wuri ya yi ja, ya kumbura, gashin ya guntule. Nan matsala biyu ke haɗuwa. Tsotsar ruwa ta ragu, sannan bangon hanjin da ya kumbura ya riƙa zubo gishiri da ruwa cikin hanji. Abincin da bai narke ba shi ma yana janyo ruwa wajensa. Hanji kuma ya ƙara saurin motsi, abu ya wuce tun ba a gama da shi ba. Babban hanji yana iya ƙoƙarinsa, amma ruwan ya fi ƙarfinsa. Abin da ya gagare shi, shi ne gudawa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan gida mai ruwa-ruwa sau 3 ko fiye a rana ɗaya.

Shi ya sa gudawar ƙaramin hanji take zuwa da yawa, tsululu, da murɗar ciki wajen cibiya, sau da dama har da amai, kuma ba kasafai ake ganin jini ba. Idan kuwa mutum yana ta zarya, ɗan kaɗan ke fita, ga majina ga jini ga nishi, wato atini, galibi a babban hanji matsalar take.

Ga wani abu da ke rikita iyaye. Yaro ya fara samun sauƙi, a ba shi madara, ciki ya sake ɓaci. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara a kan gashin nan yake zaune, tare suka lalace. Bangon hanji yana sabunta kansa cikin kwana 3 zuwa 5, amma sinadarin kan ɗauki makonni kafin ya dawo daidai. Wannan ba dalilin hana jariri nonon uwa ba ne, a ci gaba da ba shi.

Ba kowace gudawa ce ta kumburi ba. A kwalara, gashin hanji yana nan kusan lafiya lau, dafin ƙwayar cutar ne ke sa hanji ambaliyar ruwa. Haka kuma ba kowane kumburi ne na ƙwayar cuta ba. Yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac na iya ƙuje bangon hanji. Wasu mutanen jikinsu ba ya jituwa da wani sinadari na alkama, garkuwar jikinsu ta riƙa ɓata gashin. Akwai kuma cutar Crohn, wadda aka bayyana a 1932, da ta fi kama ƙarshen ƙaramin hanji, inda ake tsotse maɗaci da bitamin B12. Mai ita kan daɗe yana gudawa, yana ramewa, jininsa na raguwa.

Abin da ke kashewa da sauri shi ne ƙarewar ruwan jiki. Cikin ikon Allah, ko hanji ya ji rauni, akwai hanyar da ke ci gaba da aiki: sukari da gishiri idan suka zo tare, tare ake tsotse su, ruwa ya bi bayansu. Wannan shi ne sirrin ruwan gishiri da sukari, wato ORS. A dama shi yadda aka rubuta a jikin fakiti, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Gaggawar haɗiyar antibayotik kuwa, a ganina, ɓarnarta ta fi amfaninta yawa, domin ba ya taɓa bairos, kuma yana kashe bakteriya masu amfani da ke zaune a hanji.

A garzaya asibiti idan an ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke, yaro ya galabaita ya kasa sha. Gudawar da ta wuce kwana 14 ita ma ta likita ce, a yi gwajin bayan gida da na jini, idan ta kama a leƙa hanjin da na'ura.