Yadda karatun zama fada ya koma cin amanar ƙasa a Ingila

A shekarar 1568, wani malamin Katolika ɗan Ingila, William Allen, ya buɗe makaranta a garin Douai, wanda yau yake arewacin Faransa. Aikinta ɗaya ne: ta horar da samarin Ingila su zama fada, wato limaman cocin Katolika, su koma gida a ɓoye su riƙa yi wa mutane Mas, babbar ibadar Katolika. A gida babu halin hakan, don tun 1559 Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ta mayar da ƙasar kan tafarkin Furotesta.

Da farko gwamnati ba ta ɗauki abin da zafi ba. Lissafinta shi ne tsofaffin fada za su mutu ɗaya bayan ɗaya, ɗariƙar Katolika ta bi su. Douai ce ta ɓata wannan lissafi. Sai kuma a 1570 Paparoma Pius na biyar ya kori sarauniyar daga coci, ya ce talakawanta ba su da wajibin yi mata biyayya. Daga ranar, duk wanda ya fito daga makarantar Paparoma, kallon ɗan leƙen asiri ake yi masa, ko da littafin addu'a kaɗai ke aljihunsa.

Cuthbert Mayne shi ne na farko cikin ɗaliban Douai da aka kashe, a garin Launceston na Ingila, a 1577. Wani fada kuma, Edmund Campion, ya shigo Ingila a 1580 da shigar mai fataucin duwatsu masu daraja; ƙarshen 1581 aka rataye shi a Tyburn, wurin zartar da hukuncin kisa na Landan.

To, ga dokar 1585, wadda ita ce gundarin maganar. Duk ɗan Ingila da aka naɗa fada a ƙetare, an ba shi kwana 40 ya bar ƙasar. In ya zauna, ko ya dawo, ya ci amanar ƙasa. Ba sai an kama shi da wata maƙarƙashiya ba, naɗin kansa ya isa hujja. Wanda ya ba shi masauki, hukuncinsa kisa. Ɗalibin da ke can, in aka yi shela bai dawo cikin wata shida ya yi rantsuwar biyayya ba, shi ma maci amana ne. Uban da ya tura ɗansa ƙetare ba izini, tarar fam 100. Wato an bi hanyar tun daga kuɗin makaranta har ɗakin kwana an toshe.

Amma ba ta toshu ba. Gidajen masu hali suka haƙa wa fada maɓoya a bayan murhu da ƙarƙashin matakala, wasu ba su fi a tsuguna a ciki ba. Kafinta Nicholas Owen ya yi suna a wannan aiki, har ya mutu a hannun masu azabtarwa a 1606. Sababbin makarantu kuma suka tashi a Rum a 1579, da Valladolid ta ƙasar Sifen a 1589.

Abin mamaki, bayan shekara ɗari biyu gwamnati da kanta ta ba da kuɗi aka kafa kwalejin Maynooth ta horar da fada a Ailan a 1795, don gudun kada ɗalibai su kwaso ra'ayin juyin juya hali a Faransa. Da Firaminista Robert Peel ya ɗaga tallafin daga wajen fam 9,000 zuwa 26,000 a shekara a 1845, Furotesta suka yi ca, takardun koke suka cika majalisa, William Gladstone ya ajiye muƙaminsa na minista. Dokar ƙarin tallafin ta wuce duk da haka, kuɗin ya ci gaba da fita har wata doka ta 1869 ta yanke shi.