Rubutun Indiya da na Sin: Tushensu Ɗaya Ne?

Masu kallo, ku dubi waɗannan rubuce-rubuce biyu. Na hagu na Hindi ne, irin wanda muke gani a farkon finafinan Indiya, baƙaƙe a rataye jikin layi kamar shanya a igiya. Na dama kuma na Sin ne. Ƙasashen maƙwabta ne, shi ya sa ake yawan tambaya ko tushen rubutunsu ɗaya. A'a, kowanne da hanyar da ya biyo.

Mu fara da Sin. A 1899 wani malami, Wang Yirong, ya lura da zane a jikin tsofaffin ƙasusuwan da ake sayarwa don magani. Da aka bi sawu, sai aka dangana da Anyang, babban birnin daular Shang na ƙarshe. A can, wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu duba na fada kan ɗauki ƙoƙon kunkuru ko allon kafaɗar sa, su ɗana masa wuta har ya tsage, su karanta tsagar, su sassaƙa tambayar a gefe: za a yi ruwa? Matar sarki za ta sauka lafiya? Rubutun Sin na yau jikan wannan ne, kuma kowace alama gaɓa ce mai ma'ana. Ku dubi alamar "uwa": mace a hagu, doki a dama. Me ya kawo doki? Sauti kawai, don uwa da doki duk "ma" ne, karin murya ya raba su.

Brahmi, kakan rubutun Hindi da Tamil da Tibet, ba haka yake ba. Ya bayyana sosai a dokokin da Sarki Ashoka na Indiya ya sa aka sassaƙa kan duwatsu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, James Prinsep ya warware shi a 1837. Sauti yake rubutawa: kowane baƙi na ɗauke da wasalin "a", a ƙara ɗan zane "ka" ya koma "ki". Masana na gardama kan asalinsa, ko daga rubutun Aramiya ne, wani tsohon rubutu na Gabas ta Tsakiya, ko a gida aka ƙirƙiro shi. Amma Kharoshti, wani rubutun da Ashoka ya yi amfani da shi a arewa maso yammacin daularsa, daga Aramiya ya fito, daga dama zuwa hagu. Baƙaƙen Larabci ma can suka samo asali, ashe Ajaminmu ɗan uwansa ne na nesa.

Wasu na cewa akwai kamanni tsakanin tsohon rubutun yankin Indiya da na Sin. To ina kamannin? A hatiman tsofaffin biranen Harappa da Mohenjo-daro ne, a Pakistan ta yau, masu alamomi irin na kifi da mutum. Har yau ba a karanta su ba, kuma sun riga ƙasusuwan Anyang da ɗaruruwan shekaru. A ganina hujjar ba ta da ƙarfi, don duk wanda ya zana kifi, kifi zai fito.

Haɗuwar gaske daga baya ta zo, ta hanyar addinin Buddha. Xuanzang, wani malamin addinin Buddha ɗan Sin, ya dawo daga Indiya a 645 da littattafai 657. A 1269 kuma Kublai Khan, sarkin Mongol da ya mulki Sin, ya ƙaddamar da rubutun Phagspa, wanda aka gina kan na Tibet, har aka rubuta Sinanci da shi. Da daularsa ta faɗi a 1368, sai aka yi watsi da shi a Sin.