Yau oda ta ɓace min sau biyu a kicin

Jama'a assalamu alaikum, daga nan Manchesta, sha ɗayan dare ta wuce yanzu na taso daga aiki, ku yi haƙuri da ƙarar bas ɗin nan. Wallahi yau sai a hankali. A kicin ɗin da nake aiki aka kira min oda, tebur na tara, shinkafa biyu ɗaya ba yaji, kaza ɗaya, abin da kullum nake yi ko tunani ba na yi, amma kafin na juya na ɗauko faranti ta ɓace ɓat, na tsaya riƙe da ludayi ina kallon tukunya. Sau biyu fa. Oga ya ce lafiya kuwa, na ce lafiya, alhali ba lafiyar ba.

Kafin na shiga aiki na saurari saƙon murya daga gida, jikin Hajiyarmu ya tashi ana maganar kuɗin asibiti, ga kuɗin haya ranar Litinin, ga biza da za a sabunta, wata zuciyar na cewa tura kuɗin yanzu wata na cewa to hayar fa, haka suka wuni suna kokawa a kaina ina yanka albasa.

Kuma abin yana da bayani. Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abu na ɗan lokaci tana aiki da shi, kamar lambar waya kafin ka rubuta, ɗan ƙaramin faifai ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam, George Miller, a 1956 ya ce abu wajen bakwai yake ɗauka, daga baya wani masanin, Nelson Cowan, a 2001 ya ce wajen huɗu ne ma. Huɗu! To Hajiya ta ɗau wuri, haya ta ɗau wuri, biza ta ɗau wuri, ina shinkafar tebur na tara za ta zauna? Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana ce wa mai damuwa sakarai ko malalaci, kansa ne ya cika.

A 2011 wasu masu bincike, Sian Beilock da Gerardo Ramirez, a jami'ar Shikago sun sa ɗalibai su rubuta fargabarsu minti goma kafin jarrabawa, sai makinsu ya ƙaru, musamman masu yawan fargaba. Gobe zan gwada, in juye komai a takarda kafin na ɗaura gyauton aiki, waya kuma ta zauna a loka. Kuɗin asibiti dai na tura lokacin hutu, mai gidan haya zan kira shi da safe. Ga tashata ta zo, don Allah ku sa Hajiya a addu'a.