Darasin Koci: Ciwon Gwiwar Yaro Ɗan Ƙwallo

Assalamu alaikum masu sauraro, musamman 'yan'uwana kococin unguwa da malaman motsa jiki na makarantu. Yau a kan gwiwa za mu tsaya.

Kafin in koma karatun digiri na biyu a fannin ilimin motsin jiki, wanda ake kira kinesiyoloji, ina da wani yaro ɗan shekara 13 a ƙungiyata. Kullum bayan atisaye sai ya zauna yana dafe ƙasan gwiwarsa. Na ce ragwanci ne, na ƙara masa tsallen kwaɗo. Wallahi har yau abin yana ci mini rai, domin a aji na gane cewa da hannuna na riƙa tsananta masa ciwon.

To, ku miƙe ƙafa, ku taɓa ƙoƙon gwiwarku. Ku gangaro ƙasa kamar yatsu biyu ko uku. Kun ji wani ɗan tudu a saman ƙashin ƙwauri? A nan jijiyar da ta sauko daga naman cinya take kamawa. A jikin babba wurin ya riga ya zama ƙashi. A jikin yaro kuwa guringuntsi ne, bai gama ƙwari ba. Lokacin da yaro ya shiga saurin girma, mata wajen shekara 11 zuwa 12, maza 13 zuwa 14, namiji yakan ƙara santimita 8 zuwa 10 a shekara guda. Ƙashi ya yi gaba, naman cinya bai biyo shi ba, sai jijiyar ta ɗaure tana fizgar wurin nan duk tsalle, duk gudu, duk bugun ƙwallo. Likitoci biyu, Osgood da Schlatter, suka bayyana ciwon a 1903, shi ya sa yake ɗauke da sunansu, ake kiransa ciwon Osgood-Schlatter.

Me koci zai yi? Nemi bango da alli. Duk wata uku a tsayar da yara ba takalmi, a ja layi a bango daidai tsayin kowa. Wanda layinsa ya yi tsalle, ka sa masa ido, ka rage masa tsalle-tsalle da gudu a busasshen fili mai tauri irin namu na rani. Tsallen kwaɗo dai a daina shi a matsayin horo, ina roƙonku.

Idan ciwon ya riga ya zo, ba sai an kori yaro daga fili ba. A rage nauyin atisaye, ya yi ba da ƙwallo da sarrafa ta. Bayan an tashi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15. Sai miƙa cinya: ya dafa bango, ya kamo ƙafa ta baya har dunduniya ta kusa taɓa ɗuwawu, ya riƙe daƙiƙa 30, a hankali, ba fizga. Galibi ciwon yana lafawa idan girma ya tsaya, ko da ɗan tudun ya zauna.

Amma idan akwai zazzaɓi, ko gwiwar ta kumbura ta yi zafi, ko ciwon yana tashinsa cikin dare, ko yana ɗingishi har da ƙugu, wannan ya wuce hannun koci da mai ɗori, asibiti za a kai shi. Kuma tun ranar da yaro ya fara zuwa fili, ka tambayi iyayensa ko yana da sikila.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu sauka kan dunduniya. Ku zo da tambayoyinku.