Me ya sa kunnen da na'ura ta buga yake narkewa a digiri 37?

'Yan'uwa na Jidda da Makka, tun da bidiyon kunnen da na'urar 3D ta buga ya zagaya wayoyi, ake ta cewa na'ura ta iya ƙera nama. Na'ura siffa kawai take fitarwa, wato wurin da ƙwayoyin halitta za su kama su girma.

Ku dubi sirinjin nan da na'urar ke matso abin bugawa daga cikinsa. A ciki akwai aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, kamar kashi 3 cikin 100, an gauraya shi da jelatin (furotin da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi) da ƙwayoyin halitta. Jelatin ya shiga ne saboda ƙwayoyin ba sa manne wa aljinet shi kaɗai. Ku tambayi asalin jelatin ɗin kafin ku saya, don akwai na alade, na shanu da na kifi.

Ga zaren yana fita, layi bisa layi. Da kyau ko? To nan mutane ke yaudaruwa.

Abin da ya riƙe siffar nan sanyin ɗaki ne. Jelatin yana kamawa a sanyi, yana narkewa da ya wuce digiri 30 da ɗan abu. Jikin mutum kuwa 37 ne, haka ma akwatin renon ƙwayoyi. Ka saka kunnen a akwatin haka, kafin ka juya ya koma ruwa. A zafin Jidda ma, in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, tun a kan faranti zai baje.

Saboda haka sai an ɗaure shi. Ana tsoma shi cikin ruwan kalsiyam kulorayid, mai ƙarfin milimola 100 a kowace lita, na kamar minti 5 zuwa 10. Kalsiyam yana shiga tsakanin sarƙoƙin aljinet ya ƙulle su, kamar yadda ruwan tsami ke kama madarar waken suya ta zama awara. Ka gajarta lokacin, waje ya kama, ciki na ruwa. Ka wuce gona da iri, ya yi tauri, ƙwayoyin su kasa motsi. Ku lura da launinsa yadda ya ɗan dushe, alamar ya fara kamawa ke nan.

Ɗaurin ma ba na dindindin ba ne. Sodiyam da fosfet na ruwan da ake renon ƙwayoyin a ciki suna zare kalsiyam a hankali, cikin kwanaki sai ya yi laushi. A ganina wannan ne ma'aunin da ya kamata ɗalibi ya fara koya.

Ramukan nan da ke tsakanin layukan zaren kuma da gangan aka bar su. Iskar oksijin ba ta ratsa fiye da kusan maikiromita 200 (kashi ɗaya cikin biyar na milimita), duk ƙwayar da ta yi nisa da rami mutuwa take yi. A jami'ar KAUST da ke Thuwal, arewa da Jidda, an gwada gajerun sarƙoƙin furotin masu haɗe kansu da kansu, domin a rage wannan wahalar ɗauri.