Ɗaura wa mota ƙwaƙwalwar da ba ta kamfani ba

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani malamin wayarin mota ya yi wa makanikai da yaransu a Sakkwato.

Assalamu alaikum. Iyayen gida, da ku samari masu koyon aiki, sannunku da zuwa.

Ƙwaƙwalwar injin, wadda muke kira birenbos, manyan ayyukanta biyu ne: yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ta kamfani a kulle take zuwa. In aka canza wa mota injin, ko aka mayar da mai kafireto zuwa nozul, sai a nemi wadda ake tsarawa da kwamfuta, kamar Haltech ta Ostireliya, MegaSquirt ta Amurka, ko Speeduino mai sauƙin kuɗi da aka gina a kan Arduino Mega 2560. Kowacce ka saya, ba ta san injinka ba sai abin da wayoyinka suka gaya mata.

Kafin ka yanke waya ko ɗaya, dubi motar. Sababbin motoci, giya mai canza kanta da agogon gaba da makullin hana sata duk magana suke da ƙwaƙwalwar asali. Ka cire ta, giya ta rikice. A irin wannan, a bar ta asali tana riƙe da su, sabuwar ta karɓi mai da wuta kawai. Injin mai shan baƙin mai ko mai busasshen gasket kuwa, a gyara shi tukuna.

Inda aka fi shan wuya shi ne na'urar da ke karanta juyin karanshaf. Akwai faranti mai haƙora da aka bar wa giɓi, da giɓin ne ƙwaƙwalwa ke gane inda fistin yake. Ƙirga haƙoran da idonka, da alli a hannu. Injinan Peugeot da yawa gurbi 60 ne an cire haƙori 2, injin 2AZ na Toyota Camry 36 ne an cire 2, farantin da ake sayowa daban galibi 36 ne babu 1. Ka shigar da lamba ba daidai ba, ko tari motar ba za ta yi ba. Na'urar ma iri biyu ce: mai maganaɗisu da ke haifar da wutarta da kanta, da wadda sai an ba ta wuta. Mai maganaɗisun, in ka juya wayoyinta biyu, mota na iya tashi lafiya lau, amma da an taka totur sai tamin, wato lokacin ba da wuta, ya zame, ta riƙa yankewa. Tazararta da haƙori kamar milimita 1. Wayarta mai rigar ƙarfe za a sa, a haɗa rigar da negatif a ɓangaren ƙwaƙwalwa kaɗai, a kuma nisanta ta da kwayil da wayoyin fulogi.

Negatif ɗin ƙwaƙwalwa a jikin injin ake ɗaure shi, a kankare wurin har ƙarfe ya yi haske. Negatif na ƙananan na'urori masu aiki da volt 5 kuma ƙwaƙwalwa zai koma, ba jikin mota ba. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif, don Allah a bari. Zafinmu narkar da gam ɗin yake. A matse da ƙarfen haɗi. Famfon mai a ba shi rile da fis nasa.

Auna nozul da mita. Mai om 12 zuwa 16 kai tsaye ake haɗa shi. Mai om 2 zuwa 4 yana jan wuta da yawa, zai ƙone ƙwaƙwalwar da ba a yi ta dominsa ba. Ƙarfin turin mai yawanci 3 ne a ma'aunin bar.

Ranar tayarwa, cire fis ɗin famfon mai, ka murɗa makulli kana kallon kwamfuta. Juyin injin ya daidaita wajen 200 a minti ba tsalle-tsalle. Zafin ruwa da na iska su zo kusa da juna tunda injin a sanyaye yake. Sannan ka kulle tamin a digiri 10, ka haska alamar da ke jikin fulen karanshaf da fitilar tamin. Abin da fitila ta nuna shi ne gaskiya, in bai zo 10 ba ka gyara a kwamfuta. Bayan ka mayar da fis ɗin mota ta tashi, kai ta juyi 3000 ka sake haskawa, alamar kada ta gusa. Wanda ya tsallake wannan, duk lambar da ya rubuta a gaba kan ƙarya ya gina ta.

Ba a saita mai da kunne ko da shinshina hayaƙi. Ana sa na'urar auna iska a salansa, irin Bosch LSU 4.9, a ɗan karkata ta sama don kada raɓa ta kwanta a kanta. A silo, wato injin na aiki mota na tsaye, da tafiyar hankali, iska kashi 14.7 ga mai kashi 1. In an take totur ƙasa, 12.5 zuwa 13. Salansa mai huji kafin na'urar zai sa ta ce mai ya yi kaɗan, ka yi ta ƙari kana baƙanta fulogi.

Wani daga cikin samari ya tambaya ko za a iya kwafo saitin wata mota daga intanet.

Malam ya ce: Ɗana, don tayarwa kawai. Wanda ya yi saitin a Turai bai san Afrilun Sakkwato ba, inda zafi ke haura digiri 40, balle man 'yan bumburutu da ba ka san abin da aka gauraya ba. Iska mai zafi da mai maras kyau su ke sa injin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ita ce mai fasa fistin da ringi. Rage tamin digiri 2 zuwa 3 daga inda injin ya fi ja, ka kuma sa ƙwaƙwalwa ta ƙara ragewa in iskar shiga ta wuce digiri 50. Gwajin hanya da azahar za a yi shi, wani na tuƙi kai kana riƙe da kwamfuta. Kuma a mayar da tamostat ɗin da muka saba cirewa: in ruwa bai kai digiri 80 ba, ƙwaƙwalwa ɗauka take injin bai ɗumama ba, ta yi ta zuba ƙarin mai har ya wanke jikin silinda ya tsinka baƙin mai.