Jirgin da Dole Sai Ya Durƙusa a Turkiyya

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Akwai wata amsa da gwamnatin Birtaniya ta haddace kamar karatun allo. Duk sanda wani ɗan majalisa ya tashi a Landan ya tambaya, yaushe za a bar jirgin sama ya tashi daga Ingila ya sauka kai tsaye a Arewacin Saifurus, sai minista ya buɗe takarda ya karanto cewa babu wannan shiri, domin yin haka ya saɓa wa yarjejeniyar Shikago ta 1944 kan sufurin jiragen sama na duniya. An canja firaministoci, mulki ya bar hannun wata jam'iyya ya koma hannun wata, amsar nan ko wasali ba a sauya mata ba. Na sake cin karo da ita a 'yan kwanakin nan, kuma wallahi ta ishe ni.

Ga yadda abin yake a aikace. Tsohuwa ce Baturkiyar Saifurus da ta shekara 40 a arewacin Landan, tana son zuwa jana'izar ƙaninta a garin Girne da ke arewacin tsibirin. Maƙwabciyarta Bagirkiya, 'yar tsibiri ɗaya da ita, za ta hau jirgi, cikin awa huɗu da rabi ta sauka a Larnaka da ke kudancin tsibirin. Ita kuwa tsohuwar nan, idan Erjan, filin jirgin Arewacin Saifurus, ta nufa, sai jirginta ya fara sauka a Turkiyya. A da ma da sauƙi: jirgin ya taɓa ƙasa, fasinjoji na zaune, ya sake tashi, an cika sharaɗi. Amma tun watan Yunin 2017 hukumomin Birtaniya suka ce wannan bai wadatar ba. Sai kowa ya sauko da jakarsa ta hannu, ya bi layi, a sake caje shi, ya cire bel, ya cire agogo, sannan ya sake hawa jirgi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, mace mai goyo, mai keken guragu, duk haka. Tafiyar rabin yini ta koma ta yini guda, kuɗin tikiti ya ƙaru. Kuma a ƙarshe ina za ta sauka? A Erjan ɗin nan dai da aka ce haramtacce ne.

To don Allah me aka kare? Jirgin ya sauka, tsohuwa ta isa, filin yana aiki dare da rana. Wahala kawai aka ƙara mata don wasu su ce ba su karya doka ba.

Tarihin a taƙaice. Tsibirin Saifurus, wanda Larabawa ke kira Ƙubrus, ya samu 'yanci daga Birtaniya a 1960, Girkawa ne masu rinjaye, Turkawa marasa rinjaye. Zaman bai yi daɗi ba, aka zubar da jini, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka shigo tun 1964 kuma har yau suna nan. A ranar 15 ga Yulin 1974 sojojin da ke mulkin Girka suka ɗauki nauyin juyin mulki a tsibirin da nufin haɗe shi da Girka. Kwana biyar bayan haka Turkiyya ta sauke sojojinta, ta kama sama da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar. A 1983 jagoran Turkawan tsibirin, Rauf Denktash, ya ayyana Jamhuriyar Turkawan Arewacin Saifurus, Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri mai lamba 541 ya ce ayyanawar ba ta da inganci. Har gobe Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita. Ita kuwa gwamnatin kudu, wadda duniya ta sani a matsayin gwamnatin tsibirin baki ɗaya, ta ce filayen jiragen arewa ba halattattun mashigai ba ne. Da kamfanin jiragen Turkawan Saifurus ya kai ƙara a Landan, babbar kotu a 2009 da kotun ɗaukaka ƙara a 2010 duk suka ce gwamnatin kudu ce ke da ikon faɗin inda jirgi zai sauka a tsibirin. Kamfanin ma a shekarar 2010 ɗin ya durƙushe.

Ban zo yin jayayya da alƙalai ba. Sun karanta doka, sun faɗi abin da ta ce. Abin da nake cewa shi ne saukar jirgi ba amincewa da ƙasa ba ce. Jirgi mota ce mai fiffike. Ba ya ɗauke da takardar kama aikin jakada, ba ya kafa tuta, ba ya jefa ƙuri'a a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya.

In kuna shakka, ku dubi Taiwan. Tun 1971 ta rasa kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta cikin hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, Birtaniya ba ta amince da ita a matsayin ƙasa ba. Amma jiragen Taiwan suna sauka a Landan. A shekarun 1990 ma, da manyan kamfanonin Turai suka so cin kasuwar Taiwan ba tare da ɓata wa Sin rai ba, dabara suka yi: British Airways ya ƙirƙiro British Asia Airways, KLM ya ƙirƙiro KLM Asia, aka goge tambari a jikin jirgi, aka ci gaba da harka. Nan kusa da mu, Somaliland ta ɓalle tun 1991, ta shafe sama da shekara 30 babu ƙasar da ta amince da ita, amma jirgin Ethiopian Airlines yana tashi daga Addis Ababa ya sauka a Hargeisa. Shin Habasha ta wayi gari ta amince da Somaliland saboda tayar jirginta ta taɓa kwaltar Hargeisa? Lauyoyi za su ce ai da bambanci, Sin ba ta rufe filayen Taiwan yadda Nikosiya, wato gwamnatin kudu, ta rufe na arewa ba. Madalla, kun faɗi da bakinku. Ashe ba daga sama dokar ta sauko ba. Shawara ce wasu mutane suka yanke a ofis, kuma abin da alƙalami ya rufe alƙalami zai iya buɗewa. Inda kasuwa ke da maiƙo, ana samo hanya. Arewacin Saifurus kuwa mutanenta ba su kai na ƙaramar hukuma biyu a Kano ba, shi ya sa doka ta zama dutse.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 2004. Ku saurara da kyau. Kofi Annan, ɗan Ghana, yana Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kawo shirin sake haɗe tsibirin. Ranar 24 ga Afrilu aka yi ƙuri'ar raba gardama a ɓangarorin biyu. Turkawan arewa, waɗanda ake kira 'yan aware, kusan kashi 65 cikin ɗari suka ce e, a haɗe. Girkawan kudu kusan kashi 76 cikin ɗari suka ce a'a. Mako guda bayan haka, ranar 1 ga Mayu, waɗanda suka ce a'a suka shiga Tarayyar Turai da sunan tsibirin gaba ɗaya, da kujera, da ikon hawa kujerar na-ƙi. Waɗanda suka ce e aka bar su a bakin ƙofa. Kwamishinan Tarayyar mai kula da shigar sababbin ƙasashe, Günter Verheugen, da kansa ya fito ya ce yana jin gwamnatin kudu ta yaudare shi. Ministocin Turai suka zauna kwana biyu bayan ƙuri'ar suka yi alkawarin kawo ƙarshen wariyar da ake yi wa Turkawan Saifurus. Annan ya rubuta rahoto yana roƙon ƙasashe su cire shingayen da ba su da amfani. Aka tsara dokar ciniki kai tsaye da arewa a wannan shekarar.

Ina dokar take? Tana cikin durowa a Brussels, shekara sama da 20. Ina jirgin? An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Wanda ya miƙa hannu aka hukunta, wanda ya janye nasa aka saka masa. Sannan a dawo ana mamakin me ya sa a 2020 mutanen arewa suka zaɓi Ersin Tatar a matsayin shugabansu, mai cewa a manta da haɗewa, a yi ƙasa biyu.

Masu kare wannan tsari suna da hujja ɗaya da suke juyawa kamar waina: idan aka buɗe Erjan, an saka wa mamaya, an halatta rabuwar, Turkiyya ba za ta ƙara jin matsin janye sojojinta ba. To shekara 50 ke nan ana matsin, soja nawa suka tafi? Suna nan dubun-dubatarsu. Abin da rufewar ta haifar shi ne akasin abin da ake nema. Kuɗin da ake kashewa a arewa lirar Turkiyya ce. Lambar waya ta Turkiyya ce. Wasiƙa in za ka aika, sai ka rubuta Mersin 10, Turkiyya, kamar wata unguwa ce a can. Ruwan sha tun 2015 ta bututu yake zuwa daga Turkiyya ta cikin teku. Sabon ginin filin jirgin Erjan, Shugaba Erdogan ne ya zo ya buɗe shi ranar 20 ga Yulin 2023. Ka toshe wa mutum ƙofa tara, ka bar masa guda da ke buɗewa cikin gidan maƙwabci, sannan ka zo kana zarginsa da zama ɗan amshin shatan maƙwabcin. Wannan wace irin hikima ce?

Ban ce hannun Ankara a wanke yake ba. Turkiyya ma ta rufe tashoshin ruwanta da sararin samaniyarta ga jiragen Saifurus ta kudu, abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da babi takwas na tattaunawar shigarta a 2006. Girkawa sama da 150,000 da suka gudu daga arewa a 1974 sun bar gidaje da gonaki, wasu an gina otal a kansu, kuma zafin da suke ji gaskiya ne. Haka nan da shugaban kudu na lokacin, Anastasiades, ya kawo tayin a sa Erjan a ƙarƙashin kulawar Majalisar Ɗinkin Duniya, a musaya da miƙa garin Varosha da aka killace, Tatar ya yi fatali da shi. A ganina ya yi kuskure, ko ba komai ya zauna a yi ciniki. Mu da muka ga yaƙin basasa a Najeriya, muka ga abin da saukar jiragen dare a filin Uli na Biyafara ya jawo na gardama, mun san dalilin da ya sa gwamnatoci ke tsoron duk abin da ke warin ɓallewa. Amma can yaƙi ake yi. Nan kuwa tun 2003 aka buɗe mashigai a layin da ya raba tsibirin, mutane na ƙetarawa kullum su sayi man fetur, su ci abinci, su dawo. Ƙafa ta halatta, mota ta halatta, fiffike ne kawai ya haramta.

Ga wani abin tsoro da ba a cika faɗa ba. Sararin samaniyar yankin a hukumance cibiyar Nikosiya ce ke kula da shi. Amma Erjan ma tana da tata cibiyar da ke ba matuƙa umarni, kuma Ankara ba ta magana da Nikosiya kai tsaye. Matuƙin da ya baro Turkiyya ya nufi kudu zai iya jin muryoyi biyu a rediyonsa, kowace na cewa ita ce mai wurin. Hukumomin kiyaye haɗarin jirage sun daɗe suna kuka da wannan. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, amma an mai da rayukan fasinjoji abin nuna isa.

Kada mai saurare ya ce ina ruwanmu. Da ruwanmu, domin 'ya'yanmu na can. Dubban ɗalibai daga Najeriya suna karatu a jami'o'in Arewacin Saifurus, har da waɗanda gwamnatocin jihohin arewa suka tura. Wurin da aka hana shi sayar da lemonsa da cukunsa yadda ya kamata, aka wahalar da masu yawon buɗe ido, da me zai ci abinci? Sai ya koma sayar da gurbin karatu da gidajen caca. Dillali a nan gida ya ce wa uba ɗanka Turai za shi. Yaro ya hau jirgi zuwa Istanbul, ya sake hawa zuwa Erjan, sai da ya sauka ya gane cewa hatimin da aka buga masa ba ya kai shi ko'ina, kuma a idon gwamnatin kudu ta ɓarauniyar hanya ya shigo. Idan ya shiga matsala babu ofishin jakadancin Najeriya a wurin. A 2020 shugabar hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, sai da ta fito ta gargaɗi iyaye saboda mace-macen ɗalibai da ba a gano kansu ba. Wurin da aka rufe shi daga idon duniya, a nan dillalan banza ke yin ƙiba.

Su kuma 'yan uwa da ake taƙama da su fa? Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta ba arewa kujerar 'yar kallo, Ƙungiyar Ƙasashen Turkawa ma ta ba ta a 2022. An sha shayi, an ɗauki hoto. Jirgi nawa suka aika? Wani jirgin haya ya taɓa tasowa daga Baku, babban birnin Azarbaijan, a 2005, aka yi ta kiɗa, daga nan shiru. A 2025 kuwa, da Tarayyar Turai ta je birnin Samarkand na Uzbekistan da alkawarin zuba jari, ƙasashen tsakiyar Asiya irin su Kazakistan da Uzbekistan suka sa hannu a takardar da ta jaddada ƙudurin nan mai lamba 541.

A watan Oktoban 2025 mutanen arewa suka sake yin abin da suka yi a 2004. Suka kayar da Tatar da gagarumin rinjaye, suka zaɓi Tufan Erhürman, mai ra'ayin komawa teburin sake haɗe tsibirin a tsarin tarayya. Ga shi sun sake miƙa hannu. Ba wanda ya ce a kafa musu tuta a New York. A sa Erjan a hannun Majalisar Ɗinkin Duniya, ko Tarayyar Turai ta turo masu duba tsaro, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan ba amincewa da ƙasa ba ce, Turkiyya ita ma ta buɗe tashoshinta ga jiragen kudu. Shugaban kudu, Christodoulides, yana da alƙalamin, Landan na da sansanonin soja biyu a tsibirin kuma tana cikin ƙasashe uku da suka tsaya wa 'yancinsa a 1960, ba baƙuwa ba ce da za ta ce ba ruwanta. Su kawo wata amsar, wannan ta Shikago mun haddace ta mu ma.